Ruwan Yayyafi

Teburinta yana daf da ƙofar da motocin kaya suke sauke buhuna, a farkon layin 'yan ganye. A nan ƙuruciyarta ta ƙare, a nan furfura ta same ta. Layin cike yake da masu sayar da ganye, amma in aka ce Mai Ganye kowa ya san wadda ake nufi: doguwar matar nan mai ciwon gwiwa, wadda hannunta na dama ba ya bushewa. Ko ciniki take yi, ko hira, ko gyangyaɗi, hannun yana shiga robar ruwa, ya ɗebo, ya watsa wa latas da alayyahu, ya koma. Ba ta ma kallonsa. Wannan hannu shi ya riƙe gidanta, shi ya aurar da 'yarta tilo, kuma shi ne ya kai mijinta bakin kabari a shekarar da kwalara ta shigo unguwannin bayan kasuwa.

Sana'ar ta gada ne daga gwaggonta, wadda ta rene ta bayan rasuwar mahaifiyarta. Tun ba ta kai tsayin teburin ba take ɗauko ruwa a ka daga kududdufin bayan kasuwa. Gwaggo ba mai yawan magana ba ce, amma abu biyu ta dasa mata a kai har suka zauna daram. Na farko, ganye jariri ne da ba ya kuka, ba zai ce miki yana jin ƙishi ba, sai dai ki waiwayo ki ga ya langaɓe. Na biyu, ruwa iri biyu ne a duniya, akwai na ciki akwai na ido. Ruwan ciki shi ne wanda mutum zai haɗiya, wannan a tafasa shi, a rufe shi, kada a tsoma masa hannu. Ruwan ido kuwa na kwalliyar kaya ne, a yayyafa don mai saye ya ga ganye yana sheƙi. Ba wanda yake shan ruwan ido, don haka ba a tambayarsa daga ina ya fito. Haka matan layin suka taso suka tarar, haka suke yi.

Kududdufin ramin da aka haƙi ƙasar ginin kasuwar ne tun da can, ruwan sama ya cika shi ya ƙi tafiya. Kainuwa ta rufe rabinsa. Ta can ƙetare bayan gidaje ne da bakin kwatocinsu da wani banɗakin haya, ba mai zuwa wajen sai awaki. Ta wannan gefen akwai wani faffaɗan dutse da matan suke tsugunawa a kai, su kore kainuwa da gindin bokiti, su ɗiba. Mai Ganye ta fi kowa ƙa'ida a nan. Ba ta ɗiba sai da sassafe kafin a dama ruwan, ta tace da wani farin ƙyalle, ta ajiye ya kwanta har sai ta hango ƙasan robar. Akwai famfo a tsakiyar kasuwa, amma ya daɗe da zama wurin rataye jaka. Mijinta yakan ce famfon nan ya riga shi yin ritaya.

Direba ake ce wa mijin, ko da yake rabonsa da sitiyari tun 'yarsu tana makaranta. Babbar motar fasinja ya ja, ta dogon zango, har ciwon suga ya taɓa masa ido, kamfani ya sallame shi da godiya da agogon bango. Tun daga nan ya zauna a gida, ɗaki ciki da falo a saman wani tsohon bene, rediyo a cinya, yana gyara wa direbobin titi tuƙi ta taga. Manaja yake ce mata, don ita ke fita ita ke shigowa, ita ke riƙe da makullin komai. Ita kuma Malam take ce masa, sai in ya ba ta haushi ta ce Direba.

Likita ya hana shi sukari a shayi, ya rage masa burodi da shinkafa, ya ce ya yawaita cin ɗanyen ganye. Ranar da suka dawo daga asibiti da wannan magana, Mai Ganye ta ji kamar an rataya mata lambar yabo. Sauran mata sai sun saya, ita maganin mijinta a kan teburinta yake. Kullum da safe, kafin mai saye na farko ya taɓa kaya, takan zaɓi latas ɗin da ya fi kowanne ƙoshi, da kokwamba wadda ba ta tsufa ba, da karas, ta naɗe su a guntun buhun algarara da ta jiƙa sharkaf, ta tura ƙarƙashin teburi inda rana ba ta kaiwa. In hannu ya watsa wa na sama sau ɗaya, sai ya leƙa ƙasa ya ƙara wa na Direba. Masu saye takan ce musu, "In kin je gida ki wanke da gishiri, hannuwa da yawa sun taɓa." Na Direba kuwa ba hannun da ya taɓa sai nata, ga shi wuni yake a cikin ruwa, me kuma za a wanke? Ruwan gida da gwiwa ake hawo da shi bene, ba na wasa ba ne. Sai ta yanka masa a faranti, ta barbaɗa gishiri, ta miƙa.

"Manaja, ni fa mutum kika aura, ba akuya ba."

"Akuya ta fi ka jin magana. Ci."

"Ke me ya hana ki ci?"

"Wanzami ba ya son jarfa. Wuni nake ina kallonsa, ko ƙanshinsa ba na so."

Yakan cinye tas, har ya lashe gishirin da yatsa, yana mita.

A shekarar nan zafi ya yi tsawo. Ruwan kududdufi ya ja baya ya yi ɗumi kamar na wanka, sai da aka riƙa miƙa hannu sosai daga kan dutsen kafin bokiti ya nutse. Daga baya aka yi ruwan farko mai ƙarfi, ya wanko duk abin da ke bayan gidaje ya juye a ciki. Ba a jima ba aka fara jin amai da gudawa, yau a wannan lungu gobe a wancan. Mota mai lasifika ta yi ta zagaye. Ma'aikatan lafiya suka bi gida-gida suna raba ƙwayar maganin da ake jefa wa ruwan sha. Mai Ganye ta karɓa, ta tafasa ruwan, sannan ta jefa maganin, don dai zuciyarta ta kwanta. Ta hana Direba sayen ko ƙanƙara a titi. Ta ware masa kofinsa. Ta ajiye sabulu da buta a bakin ƙofa, ko mai karatun mitar wuta ne ya zo sai ya wanke hannu. Ta kewaye mutumin nan da tsafta kamar katanga, ta kuma ci gaba da shigo masa da ƙunshinsa kowace yamma ta ƙofar gaba.

Wata rana da rana tsaka, wayarta ta yi ƙara a cikin lalitarta. Maƙwabciyarsu ta ƙasan bene ce, ta ce tun hantsi take jin Direba yana zarya tsakanin ɗaki da banɗaki, yanzu kuma ta daina jin takunsa. Mai Ganye ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba. Mai Tumatir, wadda teburinta yake manne da nata, mace mai ƙuruciya da kaifin baki, ta karɓe robar ruwan daga hannunta.

"Yaya, je ki. Kayanki ba za su mutu ba ina nan."

Ta same shi a zaune a ƙasan banɗaki ya jingina da bango. Mutumin da ta bari da safe yana faɗa da rediyo ya koma kamar kakansa. Idanu sun faɗa, kumatu sun shige, fatar yatsunsa ta tattare kamar ta wanda ya wuni yana wanki. Abin da yake fita daga cikinsa ba launi ba wari, fari-fari kamar ruwan da aka wanke shinkafa. Ƙafafunsa suna murɗewa. Ya ɗaga ido ya kalle ta, muryarsa can ƙasa kamar daga rijiya.

"Manaja, lagireto ya fashe. Ruwa ba ya tsayawa."

"Yi shiru, Direba. Ko a nan sai ka yi surutu?"

Maza biyu daga cikin maƙwabta suka sauko da shi a bargo. Ta bi su a baya tana riƙe da takalmansa, ba ta san amfanin da za su yi masa ba.

Ba cikin asibiti aka kai shi ba, wani dogon tanti ne a bayansa. A bakin ƙofa akwai tire mai ruwan magani da kowa zai taka, wurin duk yana warin sinadarin wanke farin kaya. Gadajen na leda ne, kowanne da huji a tsakiya da bokiti a ƙasa, wani bokitin kuma a gefen kai. Ba mai jin kunyar wani a tantin nan, cutar ta riga ta kwashe kunyar da sauran ruwan jiki. Wata nas, yarinya ce da ba ta wuce sa'ar 'yarta ba amma idonta ya tsufa da rashin barci, ta yi ta laluben jijiya a hannun Direba, ta rasa, ta koma ɗaya hannun, da ƙyar ta samu ta ɗaura ƙarin ruwa. Ta tsunkuli fatar cikinsa ta saki. Fatar ta tsaya a tsaye kamar an naɗe takarda.

Mai Ganye ta san wannan. Ta san yaushi iri-iri. Akwai ganyen da ya sunkuyar da kai kawai, in ya ji ruwa ya miƙe, akwai wanda yaushin ya kai masa har jijiya, ko a kogi aka jefa shi ya tafi ke nan. Duk rayuwarta da kallo ɗaya take bambancewa. Ta kalli mijinta, ta sake kallo, ta kasa.

Nas ta miƙo mata kofi da cokali. "Mama, ruwan gishiri da sukari ne. Kaɗan-kaɗan, kada ki tsaya. In ya amayar, ki ɗan jira ki ci gaba."

"'Yata, mai ciwon suga ne fa."

"Mun sani, muna dubawa. Bari mu fara riƙe ran tukuna. Ba shi."

Ta ja benci ta zauna. Cokali ya shiga kofi, ya ɗebo, ya kai baki, ya koma. Ya amayar, ta goge, ta jira, ta ci gaba. Ba a jima ba hannun ya gane aikin, irin wanda ya saba ne, sai ta bar shi yana yi.

Washegari da hantsi wani mutum ya shigo tantin yana bin gado-gado da tambaya. Duba-gari ne, mai matsakaicin shekaru, rigarsa ta koɗe a kafaɗa, takalminsa duk laka. Da ya iso gare ta sai ya zauna a ƙarshen bencin kamar wanda ƙafafunsa suka roƙe shi.

"Sannu, Hajiya. Ya mai jiki? Wane ruwa kuke sha a gida?"

Ta ba shi amsa kanta a sama. Na famfon unguwa, a tafasa, a sa magani, a rufe. Ba ya cin abincin titi. Ba wanda ya yi ciwon a benensu. Ba su je gaisuwar kowa ba. Duba-gari yana gyaɗa kai.

"Madalla. Da kowa irinki ne da na huta. To me yake ci ɗanye?"

"Ganye. Likita ne ya ce. Ni nake sayarwa, nawa ne na kaina."

"Kina wankewa?"

"Wuni yake a cikin ruwa."

"Wane ruwa?"

Ta buɗe baki za ta ce ruwan ido, sai ta ji kalmar ta yi mata wani iri a harshe, a gaban bokitin nan da ke ƙarƙashin gado. Cokali ya tsaya a iska.

"Na kududdufin bayan kasuwa," ta ce. "Amma ta gefen dutse. Da sassafe. Ina tacewa, Yallaɓai, har ƙasan roba nake gani. Kuma ba sha ake yi ba, yayyafi ne."

Bai yi mata faɗa ba. Da ya yi ma da ta fi jin sauƙi. Ya murza idanunsa da yatsu biyu, ya yi magana a hankali, irin ta wanda ya faɗi abu har ya gaji da jin muryarsa.

"Hajiya, abin da ya zauna a kan ganye ai baki zai shiga. Ciki bai san yayyafi ba."

"Tun ina yarinya da ruwan nan muke aiki. Gwaggona da shi ta tsufa. In da cuta a ciki da tuni layinmu ya ƙare."

"Tana ciki. Ba baƙuwa ba ce a irin wannan ruwa, 'yar gida ce. Mutane sun ɗauka sai mai ciwo ya kawo ta, in ciwo ya wuce ta tafi. Ƙwayar cutar nan tana iya zamanta a ruwa ko ba kowa. Akwai wasu 'yan ƙananan halittu a kududdufi, ido ba ya rabe su da ƙura, a jikinsu take maƙalewa, da saiwar kainuwa, da gansakuka. Wata shekarar ba ta da yawa, a ɗiba a yi aiki ba wanda ya ji komai. In ruwa ya yi ɗumi ya ragu sai ta hayayyafa. Ga kuma banɗakin can da ruwan sama ya wanko, an ƙara wa Barno dawaki ke nan." Ya dube ta. "Ƙyallenki ya kama laka, ya kama ɗan abin da ya kama. Sauran ya wuce. Hasken ruwa ba shaida ba ne."

"Ke nan ni ce."

"Ban ce ba. Na ɗebi ruwan jiya na kai gwaji, sai abin da suka ce. Ni dai na sha kafa allon gargaɗi a bakin ramin nan, allon ya sha zama itacen girki." Ya miƙe yana dafa gwiwa. "Ci gaba da ba shi. Kin tsaya."

Ta kalli cokalin, ta kai shi bakin Direba. Idanunsa a rufe suke. Ta gode wa Allah da bai ji ba.

Gudawar ta ragu, aman ya tsaya, amma nas ba ta saki fuska ba. Duk zagayen da za ta yi sai ta ɗaga wata kwalbar roba da aka ajiye a gefen gadon, ta ga wayam, ta mayar. Mai Ganye ta gaji da kallon wannan ta tambaya. Nas ta ce fitsari suke jira. Jikin da ya bushe haka, wani lokaci ƙoda takan tsaya, musamman ga mai suga. In fitsari ya zo, an tsallake. In bai zo ba, sai a san inda za a tura shi, in akwai gado.

Haka matar nan ta zauna, da furfurarta da ciwon gwiwarta, tana roƙon Ubangiji fitsarin tsoho. Ta roƙi abubuwa da yawa a rayuwarta, ciniki, lafiyar haihuwar 'yarta, rufin asiri, ba ta taɓa zaton za ta zo kan wannan ba. 'Yar ta yi ta kira daga garin da take aure tana kuka tana cewa za ta taho, uwar ta ce ta zauna inda take da goyonta, tantin nan ba wurin mai shayarwa ba ne. Gadon da ke hannun dama aka sallami mai shi ya tafi da ƙafarsa. Na hagu aka zagaye shi da labule, aka fesa magani, aka kawo wani. Ita dai cokali. Bayanta ya ƙage, ƙafafunta suka kumbura har takalmi ya ƙi shiga. In ta rufe ido ba abin da take gani sai guntun buhun algarara yana ɗiga a ƙarƙashin teburi, da hannunta yana leƙawa yana ƙara masa.

Da safe ne, ana shara, Direba ya motsa leɓe. Ta sunkuya.

"Manaja. Miƙo galan ɗin nan. Ki juya baya."

Ta miƙa masa kwalbar, ta juya baya. Aka daɗe ba komai. Sannan ta ji ɗan sauti, siriri, yana yi yana tsayawa. Ba yawa, launinsa kamar shayin da ya daɗe a wuta. Ta karɓa da hannu biyu ta bi tsakiyar tantin da shi a ɗage tana neman nas, mutane suna kaucewa. Nas ta duba, ta yi dariyar farko da aka ji daga bakinta.

"Mama, ai sai ki zuba masa ido kawai. Baba ya dawo."

Ta koma ta zauna. Ba ta yi kuka ba, ƙarfin kukan ma babu. Direba ya buɗe ido ɗaya.

"Inji ya tashi?"

"Ya tashi. Sha."

Da aka sallame shi, a bargo aka sake hawar da shi benen, don ƙafafun ba su dawo ba tukuna. Ita kuma ta koma kasuwa. Ta tarar an zagaye kududdufin da igiya, an kafa sabon allo mai jan fenti, gwaji ya nuna abin da duba-gari ya faɗa. Ta kuma tarar da sabuwar hanya ta ƙarƙashin igiyar, ƙafafu sun riga sun daddale ta. Mai Tumatir ta riƙe mata teburi da amana, latas yana ta sheƙi, robar cike da ruwa.

"Na ina ne wannan?"

"Yaya, na ina kuwa? Famfo ya haihu ne ba mu ji ba?"

Mai Ganye ta ɗauki robar ta kai bakin kwata ta tuntsurar. Ta dawo ta faɗa wa matan layin abin da aka faɗa mata, yadda ta iya, da 'yan halittun da saiwar kainuwa da komai. Suka saurara, don tana da girma a wurinsu, kuma sun ji yadda Direba ya sha da ƙyar. Wata ta ce Allah ya kiyaye gaba. Wata ta ce ai kwana ne in bai ƙare ba. Mai Tumatir ta riƙe ƙugu.

"Mun ji, Yaya. To da me za mu yayyafa? Da hawaye?"

Mai Ganye ta ɗauki robarta wayam ta koma teburinta. Ta gwada nata dai. Ta riƙa cika jarka a famfon unguwa tun da duhun asuba, ta jefa magani, ta ɗauko a ka har kasuwa, tana tsayawa a hanya tana hutar da gwiwa. Hannun da ya saba da kududdufi guda bai san tsimi ba, kafin azahar jarka ta ƙare. Ta gwada danne hannun, ta riƙa ba ganye ruwa kamar magani. Ganye bai san wannan yarjejeniya ba. La'asar na yi alayyahu ya kwanta, latas ya yi laushi kamar tsumma, masu sayen da suka saba tsayawa a wurinta su gaishe ta da kyau su wuce teburin gaba inda kaya ke walƙiya. 'Yan ga-ruwa suna shigowa da kurarsu, amma da ta tambayi ɗaya inda yake ɗiba sai ya kalli gefe. Wata yamma ta tsaya a bakin igiyar da bokiti a hannu, ruwan ya kwanta luf, sararin sama a cikinsa, kwaɗi suna ta sha'aninsu. Kyakkyawa ne, kamar kullum. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta juya da bokitinta wayam.

Albasa ta koma sayarwa, da tafarnuwa da busasshen barkono, kayan da ruwa ma ɓata su yake yi. Teburin ya koma ja da ruwan ƙasa, ba kore ko ɗaya. Cinikin albasa ba ya gudu ba ya tsayawa, kuma ba ya bukatar kowa, in an kasa shi an gama. Takan zauna hannuwa a cinya. Wani lokaci ana cikin hira sai Mai Tumatir ta fashe da dariya ta nuna ta, ashe hannun dama ya tafi inda roba take a da, ya ɗebo iska ya watsa wa albasa. Cikin matan layin, biyu sun fara zuwa da jarka daga gida. Sauran suna bin ƙarƙashin igiya. Allon ya ɓace kafin damina ta fita.

Ganyen Direba yanzu saye take yi kamar kowa. Ta hawo da shi bene, ta wanke a ruwan magani, ta ɗauraye da tafasasshe, ta feƙe bawon kokwamba, latas kuwa ta daina. Ranar farko da ta ajiye masa farantin, ya ɗauki yankin kokwamba ɗaya ya tauna a hankali. Ya rame, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

"Ba ta da sanyin ta da."

"Ba za ta yi ba."

Ta zauna a bakin gado tana murza gwiwa. Ta rasa ta inda za ta ɓullo wa maganar.

"Malam, ganyen nan da nake kawo maka..."

"Na ji. Ina kwance mutumin nan mai laka a takalmi yake bayani. Jikina ne ya bushe, kunnena bai bushe ba."

"Shi ne ba ka ce komai ba?"

"In ce me? Na taɓa kwana a daji da fasinja cike da mota saboda na ƙara wa inji baƙin mai fiye da kima, don ina son sa." Ya sake ɗaukar yanki. "Miƙo gishiri."

Ta miƙa masa. A ƙasa wata mota ta taka burki da ƙarfi, ya leƙa ta taga ya yi tsaki, ya ce yaran yanzu da ƙafa suke tuƙi ba da kai ba. Sannan ya juyo.

"A kasuwa me suke ce miki yanzu? Mai Albasa?"

"Mai Ganye dai."

Ya yi 'yar dariya har tari ya sarƙe shi, ta tashi ta zuba masa ruwa a kofinsa.

"To mun dace, Manaja. Direba ba mota, Mai Ganye ba ganye."

Ta tsaya a kansa har ya shanye, ta karɓi kofin ta kife. Jarkar gobe tana bakin ƙofa ba komai a ciki, ga bene, ga gwiwa. Ta ce bari ta ɗan zauna tukuna.